Yadda Ake Gane Ma'anar Aikatau Na Latin "Habere" Da Yadda Ake Amfani Da Shi

Ɗalibin shari'a ba ya gama karatu bai haɗu da habeas corpus ba. Wanda ya bi labarai ranar 8 ga Mayu 2025 ya ji an yi shela daga barandar cocin Saint Peter da ke Batikan cewa habemus Papam, lokacin da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14. Wanda kuma ya yi makarantar boko a Maraɗi ko Damagaram ya sha haddar avoir ta Faransanci tun yana ƙaramin aji. Duk ukun nan aikatau guda ne na harshen Latin, wato habere, wanda Romawa suka yi ta amfani da shi a kasuwa da majalisa da kotu.

Yawancin masu koyo suna haddace shi da ma'ana ɗaya, "mallaka", su wuce. Wannan haddar tana kai mutum ƙofa ne kawai. Asalin ma'anar habere ita ce riƙe, kuma daga riƙon nan sauran ma'anonin suka fito. In ka ɗauke shi a haka tun daga farko, jimlolin da ke rikita mutane za su zo maka da sauƙi.

Mataki na farko: karanta shigarwar ƙamus gaba ɗayanta

Buɗe ƙamus na Latin. Na Lewis da Short, wanda ya fito a 1879, yana fassara zuwa Turanci. Na Gaffiot, na 1934, yana fassara zuwa Faransanci. Dukansu ana samunsu kyauta a intanet, kuma shafin Logeion na Jami'ar Chicago yana da sauƙin bincike. Kada ka nemi habere. Yawancin ƙamusoshin Latin suna jera aikatau ne da siffar "ni" ta lokaci mai ci, saboda haka habeo za ka nema. Abin da za ka tarar shi ne:

habeō, habēre, habuī, habitum

Kalmomi huɗu ne, kowace da aikinta. Habeo na nufin "ina riƙe" ko "ina da". Habere ita ce siffar da ba ta nuna mai aiki ba, kamar mu ce "riƙewa". Habui na nufin "na riƙe", aikin da ya riga ya kammalu. Daga habitum kuma ake samun habitus, habita, habitum, wato "riƙaƙƙe" ko "wanda aka riƙe".

Wanda ya karanta sarfu a zaure ya san dalilin wannan tsari. Malami ba ya ba ka fi'ili a siffa ɗaya, sai ya haɗa maka da mali da mudari'i da masdari, domin ba kullum ake iya ciro ɗaya daga ɗaya ba. Haka Latin yake. Ka haddace huɗun tare, da baki, kamar kalma guda mai tsawo. Wanda ya tsallake wannan zai ga habuerunt a littafi ya rasa inda zai nemo ta.

Mataki na biyu: daidaita furuci, ka gane rukunin aikatau ɗin

Ɗan layin da ke kan wasali yana nuna dogon wasali ne. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda tsawon wasali ne ya raba gari da ake zama a cikinsa da garin tuwo. A habēre, wasalin tsakiya dogo ne, kuma a kansa ake danna murya: ha-BEE-re. A habeo, habui da habitum kuwa, gaɓar farko ce ke ɗaukar nauyi: HA-be-oo, HA-bu-ii, HA-bi-tum. Ƙa'idar ita ce, in gaɓa ta biyu daga ƙarshe mai nauyi ce, ita ake dannawa. In mai sauƙi ce, sai nauyin ya koma kan wadda ke gabanta.

Dogon wasalin nan ne kuma ya sanya habere a rukuni na biyu cikin rukunai huɗu na aikatau. Na farko yana ƙarewa da -āre, na biyu da -ēre, na uku da gajeren -ere, na huɗu da -īre. Littattafai da yawa ba sa sa layin tsawo, sai habere da regere, wato "mulka", su yi kama a ido alhali rukuninsu daban. Siffar farko ce ke raba gardama: habeo tana da e kafin o, rego ba ta da shi.

A furucin zamanin Cicero, shahararren marubuci kuma ɗan siyasar tsohuwar Roma, ana furta h ɗin, ko da yake a sassauce. A Latin ɗin coci, wanda ya bi lafazin Italiyanci, ba a cika jin sa ba, shi ya sa za ka ji kamar abemus ake cewa.

Mataki na uku: juya shi

A Hausa lamiri ne ke zuwa gaban aikatau ya nuna wanda ya yi aiki da lokacin: na riƙe, kun riƙe, za su riƙe. A Latin duk wannan bayani yana manne a ƙeyar kalmar. Cire -re daga habere, sai ka samu tushe habe-. Kansa ake ɗora ɗafa-ƙeya:

habeo, ina da
habes, kana da ko kina da
habet, yana da ko tana da
habemus, muna da
habetis, kuna da
habent, suna da

Ka lura aikatau ɗin bai bambanta namiji da mace ba. Habet na iya zama "yana da" ko "tana da", sauran jimlar ce za ta nuna maka. Daga nan ma ka riga ka warware shelar Batikan: habemus Papam, "muna da Fafaroma", ko a Hausar da ta fi daɗi, "mun yi Fafaroma".

Don aikin da ya daɗe yana gudana a baya, sa -ba- tsakanin tushe da ƙeya: habebam, habebas, habebat, habebamus, habebatis, habebant, wato "a da ina da", har zuwa "a da suna da". Don lokaci mai zuwa: habebo, habebis, habebit, habebimus, habebitis, habebunt. Wasali ɗaya ne ya raba habebat da habebit, na farko jiya, na biyu gobe, don haka a buɗe ido.

Shuɗaɗɗen lokaci yana da nasa tushen, habu-, wanda ka samo daga kalma ta uku a ƙamus: habui, habuisti, habuit, habuimus, habuistis, habuerunt. Kan wannan tushe ake gina habueram, "na riga na riƙe tun kafin nan", da habuero, "zan kasance na riga na riƙe". Umarni kai tsaye habe ne ga mutum ɗaya, habete ga jama'a.

Ka rubuta waɗannan da hannunka a takarda. Karanta su a waya kawai ba ya zaunar da su.

Mataki na huɗu: nemo abin da aka riƙe

Habere aikatau ne mai son karɓau, kuma a Latin suna yana sauya ƙeya in ya zama karɓau. Liber, littafi, ya koma librum. Equus, doki, ya koma equum. Pecunia, kuɗi, ta koma pecuniam. Saboda haka librum habeo "ina da littafi" ne, puella pecuniam habet kuma "yarinya tana da kuɗi". Jerin kalmomi ba shi ne ke nuna aikau da karɓau ba. Ko an ce pecuniam puella habet, yarinyar ce dai mai kuɗin. Aikatau yakan zo a ƙarshe, shi ya sa ya kamata ka fara kai ido ƙarshen jimla, ka gane mai aikin daga ƙeyarsa, sannan ka dawo neman karɓau.

Akwai wata hanya ta nuna mallaka da ba ta buƙatar habere sam. Baroma yakan ce mihi est liber, a zahiri "gare ni akwai littafi". Mai koyo da Turanci yakan sha wuya a nan, amma mu muna da irinta: "kuɗi gare shi", "'ya'ya uku gare ta". A wannan gini abin da aka mallaka shi ne aikau, don haka liber bai koma librum ba.

Mataki na biyar: bari abokin tafiyarsa ya faɗa maka ma'anarsa

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Duk lokacin da ka ga habere, tambayi kanka wane irin abu ne ke tare da shi.

In abu ne da ake mallaka, gona, doki, gida, kuɗi, to "yana da" ta isa.

In taro ne ko wani aikin hukuma, ma'anar ta zama gudanarwa. Senatum habere shi ne zaunar da majalisar dattawa. Comitia habere, gudanar da zaɓe. Censum habere, yin ƙidayar jama'a da dukiyarsu. Dilectum habere, ɗibar sojoji. Orationem habere kuwa yin jawabi ne. A shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Cicero yake consul, wato ɗaya daga cikin shugabanni biyu da Roma take zaɓa duk shekara, ya tsaya gaban majalisa ya tona makircin da Catilina ya ƙulla na kifar da gwamnati. Da Latin sai a ce Cicero orationem in senatu habuit. Wanda ya fassara ta da "Cicero yana da jawabi a majalisa" ya ɓata lokacin, ya kuma ɓata ma'anar. "Cicero ya yi jawabi a majalisa" ita ce daidai.

In ka ga karɓau biyu a jere, ko ka ga pro, to ana maganar yadda aka ɗauki mutum ne. Te amicum habeo, "na ɗauke ka aboki", ko ma "na riƙe ka aboki", wadda Hausa ce tsantsa. Aliquem pro hoste habere, ɗaukar wani a matsayin abokin gaba. Pro certo habeo, "na tabbata", wato na riƙe shi a matsayin tabbas.

In wakilin suna ne da ke komawa kan mai aikin, me, te, se, to halin da ake ciki ake nufi. Quo modo te habes na nufin "yaya kake", a zahiri yaya kake riƙe da kanka. Res sic se habet, "haka lamarin yake". Bene habet kaɗai ma tana nufin "ya yi", ko "lafiya lau".

In abin zuciya ne, riƙon ya koma ciki. In animo habeo, "ina da niyya". Rationem habere, la'akari da abu. Wadda na fi so a cikinsu ita ce gratiam habere. Romawa sun raba godiya uku: gratias agere furta godiya ne da baki, gratiam habere riƙe alherin a zuci, gratiam referre kuma rama shi a aikace. Mai fassarar da ya mayar da ukun "na gode" ya zubar da abin da marubucin ya wahala wajen bambantawa.

Akwai kuma maganganun da suka daskare a wuri guda. A tsohuwar Roma, a filin da mayaƙa ke kokawa da makamai don nishaɗin jama'a, in sara ta samu ɗaya, 'yan kallo kan yi ihu habet ko hoc habet, "ya samu". A dokar Roma, ɗaya daga cikin lafuzzan saki shi ne tuas res tibi habeto, "riƙe kayanki". Masanin shari'a Gaius na ƙarni na 2 ya ambace shi, kuma ya shiga babban kundin dokokin da Sarki Justinian ya fitar a 533. Habeto ɗin nan wani umarni ne mai nauyi da ake samu a dokoki da wasiyyoyi.

Mataki na shida: siffar da ba a ambaci mai aiki ba

Inda Hausa ke cewa "ana riƙe shi" ko "an ɗauke shi", Latin yana sauya ƙeya ne: habeor, haberis, habetur, habemur, habemini, habentur. Masu nahawun Larabci za su gane shi da mabniyyi lil majhuli. A wannan siffa habere ba ya cika nufin mallaka. Sau da yawa yana nufin "ana ɗaukarsa" ko "an gudanar". Vir bonus habetur, "ana ɗaukarsa mutumin kirki". Shuɗaɗɗen lokacinta kalma biyu ne, kuma a nan jinsi yake fitowa: senatus habitus est, an yi zaman majalisa, amma oratio habita est, an yi jawabi, saboda oratio tamace ce.

Mataki na bakwai: warware habeas corpus da kanka

Yanzu kana da kayan aikin. Duba habeas da kyau. Ba ta cikin jerin da ka haddace, domin "kana da" habes ce. Ƙarin a ɗin nan ya mayar da ita wata siffa da ake nuna buƙata ko umarni ko fata da ita: habeam, habeas, habeat, habeamus, habeatis, habeant. Ita ce daidai da "in riƙe, ka riƙe, ya riƙe, mu riƙe" a Hausa, kamar a jimlar "na umarce ka ka riƙe". Corpus kuma jiki ne, kuma yana cikin sunayen da ba sa sauya ƙeya in sun zama karɓau.

Kalmomin biyu an tsamo su ne daga tsohuwar takardar umarni ta kotunan Ingila, wadda ake rubutawa da sunan sarki zuwa ga wanda ke tsare da mutum. Tana farawa da praecipimus tibi, "mun umarce ka", ta ambaci jikin wane da ke tsare a hannunka, sannan ta ce habeas coram nobis, "ka zo da shi gabanmu". Da mai tsarewa ake magana, ba da wanda aka tsare ba. Abin da ake so shi ne ya fito da mutumin da kansa gaban alƙali, ya faɗi hujjar tsare shi. Majalisar Ingila ta ƙarfafa wannan da dokar 1679, zamanin Sarki Charles na 2, kuma ta hanyar dokar Ingila ne kalmar ta shigo kotunan Nijeriya. Manufar tana nan a sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin lokacin da ya dace, kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Ina jin zafin yadda ake yawan fassara ta da "kana da jiki". Wannan fassara ta mayar da umarnin kotu labari, kuma ƙarfin takardar duka yana cikin kasancewarta umarni. Lauyoyi za su sake haɗuwa da aikatau ɗin a takardun cinikin ƙasa, a sashen da ake kira habendum, daga tsohon lafazin habendum et tenendum, abin da za a mallaka a kuma riƙe.

Mataki na takwas: gane danginsa

In aka sa wa habere ɗafa-goshi, a ɗinsa yakan koma i, amma juyawar ba ta canzawa. Prohibeo, prohibere, prohibui, prohibitum, riƙe abu nesa, wato hanawa. Exhibeo, riƙe abu a fili, wato nunawa, kuma daga gare ta Turanci ya samu exhibit, sunan kayan shaidar da ake ajiyewa gaban alƙali. Adhibeo, kawo abu a yi aiki da shi. Cohibeo da inhibeo, tsarewa da dannewa. Biyu sun ɓad da kama ƙwarai: praebeo, miƙawa, daga prae da habeo, sai debeo, daga de da habeo, riƙe abin da yake na wani. Wannan shi ne bashi, kuma daga bashi ma'anar ta faɗaɗa zuwa "wajibi ne". Devoir ta Faransanci jikarta ce.

Habito, zama a wuri, rukuni na farko take bi, kada ka juya ta kamar uwarta. Habilis na nufin mai sauƙin riƙewa ko mai iya hannu, kuma da ita aka raɗa sunan Homo habilis a 1964 ga ƙasusuwan da aka tono a Olduvai ta Tanzaniya.

Mai jin Faransanci yana da riba babba a nan. A Latin ɗin baya-baya mutane sun riƙa cewa cantare habeo, "ina da waƙa a gabana", da nufin zan yi waƙa. Kalmomin biyu suka narke suka zama chanterai a Faransanci, canterò a Italiyanci, cantaré a Sifaniyanci. Shi ya sa ƙeyar lokaci mai zuwa a Faransanci take kama da ai, as, a na avoir. Ana ganin wannan siffa tun a rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wata yarjejeniya tsakanin sarakuna biyu 'yan'uwa, inda aka rubuta salvarai, "zan taimaka", da prindrai, "zan ɗauka". Haka kuma epistulam scriptam habeo, "ina riƙe da wasiƙa rubutacciya", ita ce kakar j'ai écrit. Amma in ka gan ta a rubutun zamanin Cicero, kada ka yi gaggawar karanta ta a haka, domin a lokacin riƙon bai gama fita daga cikinta ba.

Have ta Turanci kuwa, duk da kamar da suke yi, ba daga habere ta fito ba. Masana tarihin harsuna sun danganta ta da capere, kamawa, bisa ƙa'idar da c ta Latin ke dacewa da h ta Turanci, wadda ta sa cornu ta dace da horn, centum da hundred.

Mataki na tara: gwada kanka

Ga jimloli shida. A kowace, fara da aikatau, ka fitar da mai aiki da lokaci, ka nemo karɓau, sannan ka zaɓi ma'ana. Rufe amsoshin sai ka gama.

Agricola tres equos habet.
Consul senatum habuit.
Cato vir bonus habebatur.
Tibi gratiam habeo.
Mihi duo fratres sunt.
Non habeo quid dicam.

Ta farko: manomi yana da dawakai uku. Ta biyu: consul ya zaunar da majalisa, habuit ce, aikin ya wuce. Ta uku tana da -ba- da -tur a tare, don haka "a da ana ɗaukar Cato mutumin kirki". Ta huɗu: ina riƙe da alherinka a zuciya. Ta biyar tarko ce, babu habere a cikinta, "'yan'uwa maza biyu gare ni". Ta shida ta fi wuya. Dicam daga dicere take, faɗa, tana kuma cikin siffar buƙata irin ta habeas. In habeo ta zo da non da kalmar tambaya irin quid, ma'anarta kan karkata zuwa sani, saboda haka fassarar ita ce "ban san abin da zan ce ba". In marubucin yana nufin ba shi da abin faɗa ne ɗungurungum, nihil habeo quod dicam zai rubuta.